Gardamar Masana da Abin da Malami Zai Ɗauka Daga Cikinta



Jawabina na yau a kan littattafai biyu ne da David Edmonds ya wallafa tare da John Eidinow, dukkansu a kan saɓanin manyan masana falsafa.

Na farko, Wittgenstein's Poker, ya fito a 2001. Ranar 25 ga Oktoba, 1946, Karl Popper ya gabatar da lacca a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Ludwig Wittgenstein na shugabantar zaman. Popper ya ce falsafa tana da matsaloli na haƙiƙa. Wittgenstein yana ganin ruɗanin harshe ne kurum. Gardama ta yi zafi, Wittgenstein yana magana yana kaɗa ƙarfen tona garwashi, daga bisani ya fice. Abin bai wuce kimanin minti goma ba, amma bayan shekara hamsin waɗanda suka halarta sun kasa daidaita baki a kan yadda aka yi.

Na biyu, Rousseau's Dog, na 2006, ya fi kusa da mu, domin Jean-Jacques Rousseau ne marubucin Emile, wanda muka ji sunansa a kwalejin ilimi. A 1766 David Hume ya kai shi Ingila gudun hijira, har ya nema masa fansho wajen Sarki George na Uku. Cikin 'yan watanni Rousseau ya zarge shi da ƙulla masa makirci, shi kuma Hume ya buga wasiƙunsu duniya ta karanta.

Ku lura da bambancin. Saɓanin farko a kan tambaya ce ta ilimi, shi ya sa har gobe ake nazarinta. Na biyu zato ne da girman kai, bai haifar da komai ba face zubar da mutunci.

Harshe da haƙori ma sukan saɓa. To, idan yaro ɗan aji biyar ya ce, "Malam, lissafin nan ba daidai ba ne," wanne za mu ɗauka: alli ko bulala? In muka ɗauki bulala, mun koya masa cewa mai ƙarfi ne ke da gaskiya, kuma ba zai sake ɗaga hannu ba. In muka miƙa masa alli, mun koya masa kawo hujja. Haka ya kamata mu yi wa juna a tarukan wannan reshe.

Allah Ya ba mu haƙurin sauraro.