Amsar Wasiƙa: Oba-oba Za Ta Yi Amfani Ranar Ambaliya?

Wasiƙarmu ta yau daga Kalgo ta fito, wani manomin shinkafa ne ya aiko. Ya ce a ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafar fadamun Jihar Kebbi, ya kwana yana neman 'yan'uwansa na Gwandu a waya bai samu ba. Shin rediyon oba-oba irin ta sojoji za ta fid da shi?

To, Malam, za ta taimaka, amma fa da sharaɗi. Wayar salula sai da turken kamfani. In ruwa ya ci turken, ko man janaretansa ya ƙare, shi ke nan. Ka tuna a Satumbar 2021 da aka rufe layuka a Zamfara, waya ta koma tocila kawai. Ita oba-oba kai tsaye take magana da 'yar'uwarta. Ka danna ka yi magana, ka saki ka saurara, shi ya sa ake cewa "oba" idan an gama.

Sai dai ta hannun nan, mai ƙarfin wat 5, ba ta wuce 'yan kilomitoci a fili. Daga Kalgo zuwa Gwandu ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, sai an ɗora na'urar maimaita sauti a kan doguwar hasumiya, ko a sami babbar rediyo mai gajeren zango. Irin wannan ce masu sha'awar rediyo suka yi aiki da ita a Nefal lokacin girgizar ƙasar 2015.

Abin da na fi ja maka kunne a kai, kada ka sayo a kasuwa ka rataya a ƙugu haka nan. Sai da lasisin gwamnatin tarayya, kuma masu lasisi a Nijeriya lambar kiransu kan fara da 5N. A halin tsaron nan, wanda aka tsare a shinge da oba-oba babu takarda, ai ya san sauran. Tashar sojoji kuwa, haramun ne ka shiga.

Ni a ganina, ku je wa hakimi da ƙaramar hukuma a ƙungiyance tun rani, a ajiye guda wajen sarkin ruwa, guda a asibiti, da farantin sola na caji, a tsai da tasha ɗaya da lokacin da kowa zai buɗe.