An Warke Daga Ciwon Daji, Kunne Ya Mutu: Shin Akwai Abin Yi?

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin zumuntar mata

 

A wata ikilisiya da na yi hidima akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda aka same shi da ciwon daji a can bayan hanci, inda hanci ya haɗu da maƙogwaro. An yi masa gashi a asibiti har mako 7, aka haɗa masa da ƙarin ruwa na maganin daji. Ya warke, muka yi sujadar godiya, mata suka rangaɗa guɗa. Bayan kamar shekara 2 sai muka lura idan an tambaye shi abu a zaman dattawa yakan amsa wani abu dabam. Sannu a hankali ya daina zuwa. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce fushi yake yi da mu. Da na kai masa ziyara, matarsa ta ja ni gefe ta ce, "Fasto, Baba ba ya ji ne, kunyar faɗa yake yi." Na rubuta masa tambaya a takarda, shi kuwa ya amsa da baki ya ce, "Fasto, da wane baki zan yi kukan kunne bayan an bar mini rai?" Haka ya zauna cikin shiru har ya rasu. Da na san abin da na sani a yau, da ban bar shi haka ba.

Da farko, bari mu fahimci abin da gashi yake yi wa kunne. A can cikin ƙashin kai, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu mai kamar katantanwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi kimanin 16,000, waɗanda suke juya sauti ya zama saƙo, jijiyar ji kuma ta kai saƙon ga ƙwaƙwalwa. Idan waɗannan ƙwayoyi suka mutu, ba sa sake tsirowa. Ciwon daji na bayan hanci yakan buƙaci gashi mai ƙarfin awo 70 a ma'aunin da likitoci suke kira Gray, alhali kuwa suna ƙoƙari kada abin da zai taɓa katantanwar ya wuce awo 45. To, kunne maƙwabcin wurin ne, kuma gobarar maƙwabci ba ta rasa lasar danga. Idan an haɗa gashi da maganin da ake kira cisplatin, ɓarnar takan ƙaru. Abin da yake ruɗa mutane shi ne, kurumtar ba ta zuwa nan take. Takan ɗauki watanni ko shekaru, kuma takan fara da siraran sautuka, shi ya sa mutum zai ce yana jin murya amma ba ya gane maganar.

Na biyu, ba kowace toshewar kunne ce take buƙatar babban aiki ba. Sau da yawa bayan gashi ruwa ne yake taruwa a bayan dodon kunne, wannan kuwa likitan kunne yana da hanyoyin magance shi. Wasu kuma na'urar ƙara sauti da ake maƙalawa a kunne ta ishe su. Amma idan ƙwayoyin nan sun mutu da yawa, ƙara sauti ba ya amfani, kamar mutum ne yana ɗaga murya a ƙofar gidan da babu kowa.

A nan ne maganar na'urar ji da ake dasawa ta shigo. Kashi biyu gare ta. Na waje yana zama a bayan kunne, yana ɗaukar sauti. Na ciki kuwa likita ne yake sa shi a ƙarƙashin fata, ya zura wata siririyar waya cikin katantanwar, mai bakuna 12 zuwa 22 gwargwadon irin na'urar. Wannan waya tana tsallake ƙwayoyin da suka mutu, ta taɓa jijiyar ji kai tsaye da ɗan ƙaramin lantarki. Ba sabon abu ba ne. Dokta William House ya fara gwada shi a Los Anjalas ta Amurka a 1961. Ingeborg da Erwin Hochmair sun ƙera mai bakuna da yawa wanda aka dasa a Biyana ta Ostiriya a 1977, Farfesa Graeme Clark kuma ya dasa nasa a Melbon ta Ostireliya a 1978. Zuwa ƙarshen 2019 an dasa sama da 700,000 a duniya.

Tambayar da ta shafe mu ita ce: wanda gashi ya kurumtar, zai amfana? Labari mai daɗi shi ne, a yawancin irin waɗannan mutane katantanwar ce take lalacewa, jijiyar kuwa tana nan da ranta. Likitoci a Hon Kon da Singafo, inda ciwon daji na bayan hanci ya yi yawa, sun dasa wa waɗanda aka yi wa gashi, suka kuma ba da rahoto cewa da yawansu sun koma jin magana kamar sauran manya da aka dasa wa. Bugu da ƙari, wanda ya iya magana kafin ya kurumce yakan fi saurin sabawa, domin ƙwaƙwalwarsa ta riga ta san harshe.

Amma ba zan ɓoye muku wahalar ba. Fata da ƙashin da aka gasa ba sa saurin warkewa, saboda haka haɗarin gyambo da ruɓewar ƙashi ya fi yawa, kuma dole a fara magance kunnen da yake zubar da ruwa. Dole likitan daji da likitan kunne su yi shawara tare, a ɗauki hoton kai a tabbatar ciwon bai dawo ba. Akwai maganaɗisu a cikin na'urar wanda yake rufe wani sashe a hoton MRI, wanda ya yi ciwon daji kuwa zai ci gaba da buƙatar wannan hoto, don haka sai a zaɓi irin na'urar da kunnen da za a dasa da lura. Ana yin allurar rigakafin sanƙarau kafin aikin. Bayan aikin akan jira mako 2 zuwa 4 kafin a kunna na'urar, kuma da fari muryoyi sukan zo kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba. Sai an yi watanni ana komawa ana saita ta, ana koyon ji. Kuɗinta kuwa miliyoyin naira ne masu yawa, ban da batir da gyara har iyakar rai.

To, mene ne namu a ciki? Abu uku nake roƙo. Na ɗaya, duk wanda za a yi wa gashi a kai ko a wuya, ku ƙarfafa shi ya nemi a gwada jinsa kafin a fara, a kuma riƙa maimaitawa bayan an gama. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen kunne, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Jinkiri yana da illa, domin gwargwadon daɗewar mutum cikin kurumta, gwargwadon wuyar da zai sha kafin ya saba da na'urar.

Na biyu, mu gyara yadda muke zama da su. A ba su kujerar gaba inda za su ga bakin mai magana. A fuskance su, a yi magana a hankali ba da ihu ba, mutum ɗaya a lokaci ɗaya. A rubuta musu sanarwa da abin da aka tsayar a zama.

Na uku, idan likitoci sun tabbatar ɗan'uwa zai amfana da dashen, kada a bar iyalinsa su kaɗai da lissafin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a tara ko kwabo, dattawa su nemi a rubuta musu dukan abin da za a kashe, har da na shekarun da za su biyo baya.

A ƙarshe, ina roƙon kowane dattijo da kowace shugabar mata, idan kun koma gida ku tuna ko akwai wanda ya warke daga wannan ciwo amma ya daina zuwa cikin jama'a. Ku je wurinsa da takarda da alƙalami. Ku gaya masa neman maganin kunne ba rashin godiya ba ne.