Gidan Kwantena a Ƙasar Bazara da Hadari: Abin da Ya Kamata a Fara Dubawa a Talata Mafara, Bakura da Maradun



Mutanen wannan yanki sun san zafin tashi daga gida ba shiri. Lokacin da kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwan Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978, ruwa ya ci gidaje da gonakin dubban jama'a a ƙasar Maradun, sai da aka sake musu matsuguni. Yau kuma rashin tsaro ne ke koro mutane daga ƙauyuka zuwa manyan garuruwa. Duk inda ake neman ɗaki da gaggawa, hankali kan koma ga gidan da aka ƙera a masana'anta, a ɗauko shi a mota a sauke: kwantenar da aka yanke wa ƙofa da taga, ko ɗakin fallayen ƙarfe da ake haɗawa da noti. Irin wannan gida yana da amfani, amma a ganina kuɗin farko ya kamata ya tafi wajen ɗaure shi da ƙasa da yi masa inuwa, tun kafin a yi zancen fenti ko kwandishan.

Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, iska da ƙura a gaba, ruwa na biye. Iskar nan idan ta bi ta saman rufi zuƙo shi take yi sama, kuma duk lokacin da gudunta ya ninka, ƙarfinta kan ninka sau huɗu. Shi ya sa kwano ke fara ɗagowa daga baki da kusurwa. Amurka ta ga haka a 1992, sa'ad da guguwar Andrew ta rugurguza irin waɗannan gidaje a jihar Florida, har hukuma ta tsaurara ƙa'idar ƙirarsu a 1994. Guguwar teku ba ta zuwa Zamfara, amma darasin ɗaya ne: kwano ya kama ƙarfen rufi da sukuru mai kan roba, ƙarfen rufi ya kama bango, bango ya kama ginshiƙan kankare da aka binne a ƙasa. Gaɓa ɗaya ta yi sako-sako, sauran ba su da amfani. A unguwannin da ke kusa da fadama, kamar wasu sassan Bakura, a ɗaga daɓen sama saboda ruwa da tsatsa.

Zafi ya fi iska daɗewa tare da mu. Daga Maris zuwa Mayu yakan wuce digiri 40, bangon ƙarfe kuwa ba ya jinkirta zafi yadda kaurin bangon tubali yake yi. Da hantsi ya dubi ludayi ɗakin ya zama tanda. Maganin shi ne rufi na biyu, a sama da na farko, da tazarar da iska za ta ratsa. Haka Francis Kéré, masanin gini ɗan Burkina Faso, ya yi wa makarantar firamare ta Gando a 2001, ya ɗaga kwano nesa da silin na laka. Sai dai a nan ne buƙatun biyu suke karo, domin rufin da ke ba da inuwa shi ne wanda iska ta fi samun wurin kamawa. Don haka ya tsaya a kan dirkokinsa na ƙarfe da aka zuba wa kankare, kada a jingina shi kan kwantena da walda biyu ko uku. A kuma kwantar da gidan tsawonsa daga gabas zuwa yamma, ta yadda siririn gefe ne zai fuskanci hadari da ranar la'asar, tagogi masu ragar sauro su dubi kudu da arewa.

Wani zai ce kwandishan ya isa. Wannan na nufin dogaro da wutar kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, wadda ba ta tsayawa, ko da janareta, alhali tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 iyali kaɗan ne za su iya ciyar da shi dare da rana. Ɗakin da ke da inuwa, da farin fenti, da abin tare zafi a bango, fanka da ƙaramar sola sun wadace shi a mafi yawan shekara.

Wani kuma zai ce idan sai an yi duk wannan, ai gara a yi ginin tubali da azara. Ga magidanci mai filinsa, wannan gaskiya ce, kuma ban ga dalilin da zai sa ya bar maginan garinsa ba. Amma asibitin wucin gadi, da aji, da ɗakin 'yan gudun hijira da ke zaune a filin aro, suna buƙatar abin da za a kafa cikin kwanaki, a kuma ɗauke idan zaman lafiya ya dawo. Ko a nan ɗin ma, kwantena ɗaki ce kawai. Sai an kewaye ta da danga, an yi rumfa da wurin girki da makewayi, sannan mata za su iya sakewa a cikinta. Hukuma ko ƙungiyar da za ta sayi irin waɗannan gidaje ta rubuta ginshiƙai da rufi na biyu da danga a cikin takardar kwangila, ta kuma hana biyan kuɗin ƙarshe sai injiniya ya hau ya duba kowane ɗauri kafin watan Mayu.