Jelly Roll Morton: Makaɗin da Ya Ce Shi Ya Ƙago Jaz



A shekarar 1938 wani makaɗin fiyano a Amurka ya rubuta wasiƙa yana iƙirarin cewa shi ya ƙago kiɗan jaz tun 1902. Mutane suka yi masa dariya, kuma da gaskiyarsu, domin takardar baftismarsa ta nuna a 1890 aka haife shi, watau yana ɗan shekara goma sha biyu ke nan ya yi wannan gagarumin aiki! Amma mu a ganinmu dariyar ta rufe wata gaskiya, kuma ita muke so mu tono yau.

Sunansa na yanka Ferdinand Joseph LaMothe, haifaffen birnin Niyu Oliyans, daga zuriyar Kiriyol, masu jinin Afirka da na Faransa. Tun yana saurayi ya shiga kaɗa fiyano a gidajen karuwai na unguwar Storyville, yana ce wa tsohuwar da ke riƙonsa gadin dare yake yi. Ran da asiri ya tonu ta kore shi daga gida. Daga nan ya shiga yawon duniya, yau kiɗa, gobe caca, har ya sa lu'ulu'u a haƙorinsa.

To, mene ne aikinsa na haƙiƙa? Jaz na farko kiɗa ne na ka. Masu busa su uku ko huɗu kowa ya kama hanyarsa, in an tashi shi ke nan, ya bi iska. Morton yana cikin na farko da suka zauna suka rubuta shi a takarda, har aka buga "Jelly Roll Blues" a 1915. Abin tsoro a nan shi ne kada rubutu ya kashe kiɗan, ya mai da shi faretin soja. Amsar da ya bayar tana cikin faya-fayan da ya yi wa kamfanin Victor a Shikago daga 1926, da ƙungiyarsa Red Hot Peppers. Duk wanda ya saurari "Black Bottom Stomp" zai ji yadda mutum bakwai suka cika minti uku, domin iyakar abin da fuskar faifan garmaho ke ɗauka ke nan. Wani wuri an tsara shi tsaf, wani wuri an sakar wa makaɗi mara ya yi yadda ya ga dama. Can sai kowa ya ɗauke cak, a bar mutum ɗaya shi kaɗai na ɗan lokaci, sa'an nan a sake rufowa gaba ɗaya. Ba mu san wanda ya riga shi iya haɗa tsari da 'yanci haka ba.

Sai dai takarda ba ta cika masa aljihu ba. Ya koma Niyu Yok a 1928, tattalin arziki ya karye, Victor suka sallame shi, yayi kuma ya koma ga manyan ƙungiyoyi. A 1935 Benny Goodman ya yi tashe da "King Porter Stomp", kiɗan Morton, alhali mai shi yana fama da talauci. Ƙungiyar ASCAP, wadda ke karɓar wa mawallafan kiɗa haƙƙinsu, ba ta ɗauke shi ba sai 1939. Don haka idan muka ji shi yana cika baki, mu tuna mutum ne da ke jin kayansa a rediyo, kuɗin na shiga hannun wasu.

A Washintan, cikin 1938, Alan Lomax ya zaunar da shi a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, yana kaɗawa yana ba da labari, na'ura na ɗauka. Da wannan Lomax ya rubuta littafin "Mister Jelly Roll" a 1950, kuma har yau masu nazarin asalin jaz ba su da makawa sai sun bi ta nan. A shekarar dai aka daɓa masa wuƙa a gidan rawar da yake aiki, asibitin farar fata da ke kusa ya ƙi karɓarsa. Bai sake samun lafiya sosai ba. Ya rasu a Los Anjalis ran 10 ga Yuli, 1941, kuma cikin masu ɗaukar gawarsa akwai Kid Ory, wanda ya yi busa a faifan nan na 1926.