Rinin Yakuwa da Wutar Rana



A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar. Injinan niƙa suka tsaya, ƙanƙara ta narke a hannun masu ita. Zanen aro ba ya rufe katara. Shi ya sa duk wata dabara ta tatsar wuta daga rana ta cancanci a saurare ta.

A 1991, a birnin Lozan na ƙasar Suwis, Michael Grätzel da Brian O'Regan suka fito da wata dabara. Ana shafa wa gilashi farar hodar titaniyom, irin wadda ake sawa a fenti, a jiƙa ta da rini. Idan rana ta bugi rinin, sai ya saki ƙwayoyin lantarki su bi waya, ruwan aidin kuma ya mayar masa da abin da ya rasa. Rininsu na rutaniyom ne, ƙarfe mai tsada ƙwarai. Sai masu bincike suka juya ga tsirrai, har da yakuwa da lalle, waɗanda ba su yanke wa kasuwannin Maraɗi da Damagaram.

Amma kada a ruɗi kowa. Allon silikon da ke kasuwa yana juya wajen kashi 20 cikin 100 na hasken da ya same shi zuwa wuta. Rinin tsirrai da wuya ya kai kashi 2, kuma rana na kodar da shi. Haskaka gari sai irin tashar Malbaza mai megawat 7 ta 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 ta 2023.

Amfanin yakuwa yana cikin aji. Da kuɗi kaɗan ɗalibi zai haɗa ɗan allonsa, ya auna wutarsa, ya gane sirrin abin da ƙasarsa ke saye daga waje. Wannan ne tafarkin Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, shugaban ONERSOL na dā, wanda ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuma take ɗauke da sunansa.

Saura ga gwamnati ta sa kuɗin bincike cikin kasafi, attajirai su ɗauki nauyin ɗakunan gwaji a makarantu. Ranar kam Allah ya ba Nijar. Masu sarrafa ta ne sai an horar.

Wassalam.