Jawabi: Ƙarfin Talaka Haɗin Kai Ne

Ga jawabin da aka karanta wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Bagudo.



A shekarar 1898 Ingila da Faransa suka ja iyakar nan da ke kusa da Illo. Ba su tambayi kowa ba. 'Yan'uwa suka rabu, wasu a Nijeriya, wasu a Dahomey, wato Binin ta yau. Haka mulkin mallaka yake. To, yaya talaka marar bindiga ya yaƙe shi?

A ƙasar Indiya Turawa sun hana mutane haɗa gishiri, sun sa masa haraji. A 1930 Mahatma Gandhi, mabiyin addinin Hindu, ya yi tafiyar kwana 24 a ƙasa har bakin teku, ya ɗebi gishiri. Dubban mutane suka bi sahunsa. Aka doke su, aka ɗaure su, ba su rama ba. Wani Musulmi, Abdul Gaffar Khan, ya tsaya tare da shi, ya hana mutanensa ɗaukar makami. Indiya ta sami 'yanci a 1947. Amma da gaba ta shiga tsakanin Hindu da Musulmi, ƙasar ta rabu biyu, Indiya da Pakistan. Dubun dubatar mutane suka mutu.

Malam Aminu Kano ya yi nazarin hanyar Gandhi. A 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, daga baya ya zama shugabanta. Makaminsu wa'azi da taro da ƙuri'a. An ɗaure 'ya'yanta da yawa, har da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, ba su ja da baya ba. NEPU ta kuma haɗa kai da jam'iyyar Dokta Azikiwe, wanda Kirista ne. Nijeriya ta sami 'yanci ranar 1 ga Oktoba, 1960, ba tare da yaƙi ba. A 1979 gwamnatin jam'iyyar Malam, PRP, ta soke haraji da jangali a Kano.

Jama'a, a kasuwannin Lolo da Tsamiya ana haɗuwa da Bahaushe da Bafillace da Bazabarme da Badende, manomi da makiyayi. In rigima ta tashi kan gona ko burtali, a ajiye adda. A je wurin hakimi tare, a rubuta koke, kowa ya sa hannu. Ga amfanin karatunku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.