Uban da Ya Koyi Sakin Hannu: Zubi da Tsarin Labarin Finding Nemo



An nemi in yi magana a kan zubi da tsarin labari, na kuwa zaɓi in yi ta a kan fim ɗin katun. Dalilina shi ne, a irin wannan fim babu abin da ke faɗowa cikin hoto bisa tsautsayi. Kowane motsi sai an zana shi, kowace daƙiƙa tana cin aikin mutane da yawa, saboda haka masu shi kan shafe shekaru suna rushe labarin suna sake gina shi kafin ya fito. Wanda ke son ganin ƙashin bayan labari a fili, nan ne wurin dubawa.

Fim ɗin shi ne Finding Nemo, wanda kamfanin Pixar na Amurka ya fitar a 2003. Andrew Stanton ne ya ba da umarni, kuma fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta katun mafi kyau a 2004. Tsawonsa kimanin minti 100 ne. A sama-sama labarin nema ne: an kama ɗan kifi, ubansa ya bi sawu. Amma tambaya ɗaya ce ke riƙe da shi daga farko har ƙarshe: uban da tsoro ya cinye zai iya sakin hannun ɗansa? Abin da nake son nunawa a yau shi ne, ƙarfin fim ɗin yana cikin jerin da aka bi wajen ajiye al'amura, wanne ya zo kafin wanne, kuma wanne ya haifi wanne.

Rauni kafin hali

Fim ɗin ya buɗe a gaɓar tekun Ostireliya, a yankin murjanin da ake kira Great Barrier Reef. Marlin da matarsa Coral sun sami sabon gida, suna duba ƙwayayensu sama da 400, suna gardamar sunayen da za su raɗa. Sai ga mugun kifin nan barakuda. Marlin ya yi ƙoƙarin kare iyalinsa, aka doke shi ya suma. Da ya farfaɗo babu mata, babu ƙwai sai guda ɗaya, shi ma da tsaga a jikinsa. Ya tallafe shi ya yi masa alkawari cewa ba zai taɓa bari wani abu ya same shi ba.

A rubutun farko ba haka aka tsara ba. Stanton ya so ya ɓoye wannan masifa, ya riƙa gutsuro ta kaɗan-kaɗan ta hanyar waiwaye, sai can kusa da ƙarshe mai kallo ya san abin da ya faru. Da aka gwada, sai aka ga Marlin bai shiga ran mutane ba. Uba ne mai mita, mai takura wa yaro, kuma ba a san dalilinsa ba. Da aka ɗauko abin duka aka ajiye shi a farko, halin bai canza ba ko kaɗan, amma idon mai kallo ya canza. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma duk wanda ya ga saran da idonsa ba zai yi wa gudun dariya ba. Wannan shi ne darasi na farko: wurin da ka ajiye bayani shi ke yanke wa tauraronka hukunci a zuciyar mai kallo.

Tauraro ne ya jawo wa kansa

Nemo ya taso da fiffike ɗaya ƙarami, sakamakon waccan tsagar. Ranar farko ta makaranta, malaminsu ya kai yara bakin wani gangare inda murjani ya ƙare, buɗaɗɗen teku ya fara. Mu tsaya a nan mu duba da kyau. Yara sun hango jirgin ruwa, suna zuga juna a ga wa zai fi matsawa kusa. Aka ce Nemo ya gwada, ya ce babansa ya ce akwai haɗari. Wato yaron yana kan biyayya. A daidai lokacin Marlin ya iso a firgice, bai tambayi komai ba, ya hau shi da faɗa a gaban abokansa, ya ce masa bai iya iyo ba, bai isa zuwa makaranta ba tukuna. Nemo ya ce ya tsane shi. Kafin uban ya waiwayo, yaron ya miƙe cikin teku, ya je ya taɓa gindin jirgin da fiffikensa yana kallon ubansa ido cikin ido. A hanyar dawowa mai nutso ya kama shi.

Da a ce igiyar ruwa ce kawai ta tafi da Nemo, da labarin ya zama na ƙaddara, uban kuma ba shi da abin gyarawa. A nan tsoron Marlin ne ya haifi abin da yake tsoro. Sa'an nan kalmomin ƙarshe da suka shiga tsakaninsu masu ɗaci ne, sun zama bashin da mai kallo ke jiran a biya. Kafin jirgin ya ɓace kuma, tabaran mai nutson ya faɗo ruwa ɗauke da adireshi a birnin Sidni. Cikin fitowa ɗaya an ba mu laifi, an ba mu bashi, an ba mu inda za a dosa.

Zare biyu

Daga nan labarin ya rabu biyu. Uba yana cikin teku mara iyaka, ɗa yana cikin akwatin gilashi a ofishin likitan haƙori. An ɗauki wanda ke tsoron fili an jefa shi fili, an ɗauki wanda ke son fita an kulle shi. Kowannensu kuma an haɗa shi da wanda zai ba shi abin da ya rasa.

Marlin ya haɗu da Dory, wadda ba ta iya riƙe abin da ya faru ɗazu. Shi ya kasa mantawa, ita ta kasa tunawa. Shi kowa abin zargi ne a wurinsa, ita kowa aboki ne. Ba don ban dariya kaɗai aka kawo ta ba. Tana buƙatar kulawa kamar yaro, don haka duk kuskuren da Marlin ya yi wa Nemo sai ya maimaita shi a kanta, mu kuma muna gani.

Nemo ya haɗu da Gill, tsohon kifi mai tabo a fuska da yagaggen fiffike. Ranar da Nemo ya maƙale a bututun injin tace ruwa yana kiran taimako, Gill ya hana kowa taɓa shi, ya ce shi ya shiga, shi zai fita. Nemo ya kawo uzurin fiffikensa, Gill ya juya ya nuna masa nasa. Yaron ya fita da kansa. Amma Gill shi ma yana da aibi: ya tura Nemo ya toshe injin da tsakuwa don su tsere, yaron ya kusa halaka. Uba ɗaya ya riƙe da yawa, ɗayan ya sake da wuri. Fim ɗin bai ba kowannensu gaskiya duka ba. A wannan ɓangare ne kuma aka ɗaura agogo: 'yar ɗan'uwan likitan, Darla, wadda ta taɓa girgiza kifi a leda har ya mutu, tana nan tafe karɓar Nemo.

Jarrabawar hanya

Wanda ya tashi da tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa ya san wannan tsari: duk abin da matafiyi ya gamu da shi a hanya yana auna halinsa ne. Haka yake a nan, sai dai abu ɗaya ake aunawa, kuma kowane awo ya fi na baya nauyi.

An gargaɗi Dory cewa in sun isa wani kwazazzabo su bi ta cikinsa, kada su bi ta sama. Ta manta dalilin, amma jikinta ya ba ta. Marlin ya ƙi yarda da ita, ya yaudare ta suka bi sama, suka faɗa cikin dubban halittun nan masu kama da lema, masu harbi. Dory ta fita da tabo. Rashin yardarsa ya sake cutar da wanda yake tare da shi.

Sai kunkurun teku a cikin igiyar ruwan gabashin Ostireliya. Ɗan wani kunkuru mai suna Crush ya fice daga igiyar, Marlin ya zabura zai kamo shi, Crush ya tare shi ya ce a ga abin da yaron zai yi. Yaron ya dawo da kansa yana murna. Wannan ne karo na farko da Marlin ya ga wata irin tarbiyya da idonsa, har ya tambaya yadda uba ke gane ɗansa ya isa.

A nan ne tsakiyar fim, kuma a nan zare biyun suka taɓa juna. Marlin ya ba 'ya'yan kunkuru labarinsa, labarin ya bi baki-baki daga kifi zuwa kifi, daga ruwa zuwa tsuntsaye, har kwasakwasa Nigel ya kai shi tagar likitan. Nemo, wanda ya san ubansa matsoraci ne, ya ji cewa ya ƙetare teku dominsa. Nan take ya ɗauki tsakuwa ya koma cikin injin da ya kusa kashe shi, ya toshe shi. Uba da ɗa ba su ga juna ba, amma aikin ɗaya ya motsa ɗayan. Zare biyun da ba sa tasiri a kan juna labari biyu ne aka cusa a fim ɗaya.

Jarrabawa mafi tsanani ita ce cikin ƙaton kifin wel da ya haɗiye su. A can Marlin ya ambaci alkawarinsa, Dory kuma ta nuna masa cewa yaron da aka hana komai ya same shi, an hana shi rayuwa ke nan. Suna rataye a harshen kifin, ta ce lokacin saki ya yi. Cikin gardama Marlin ya kira ta da sunan Nemo, yana faɗa mata maganar da ya faɗa wa ɗansa a bakin gangare. Ya ji kansa. Ya tambaye ta yadda ta san ba abin da zai faru, ta ce ba ta sani ba. Ya saki. Kifin ya feso su a tashar jiragen ruwan Sidni.

Ƙololuwa

Kafin nasara sai aka kai shi ƙasa. Nemo ya yi mutuwar ƙarya a cikin leda don a zubar da shi ya bi magudana zuwa teku, a daidai lokacin da Nigel ya shigo da Marlin. Uban ya ga ɗansa ciki sama. Dabarar yaron ce ta karya zuciyar uban, kuma mai kallo ya san abin da Marlin bai sani ba.

Da suka haɗu daga baya, da yawan marubuta a nan za su rufe. Amma haɗuwa ta amsa tambayar nema ne kawai, ba ta amsa ta saki ba. Sai taru na masunta ya kwashe Dory tare da tarin kifaye. Nemo ya ce zai shiga ya sa su duka su yi ƙasa tare, dabarar da ya koya wurin Gill ranar da likita ya sa masa koma. Marlin ya riƙe fiffikensa, ya fara tsohuwar maganarsa, sai ya tsaya. Ɗan da ya samu yanzu-yanzu bayan ya ɗauka ya mutu, shi ne ya saki ya shiga taru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: kifayen suka danna ƙasa gaba ɗaya har sandar tarun ta karye. Gardamar bakin gangare ce aka sake kawowa, da mutane iri ɗaya da haɗarin da ya fi na da, amsa ce kawai ta canza. Bayan haka aka biya sauran bashi. Nemo ya janye kalmar tsana, Marlin kuma ya amsa masa tambayar da ya yi tun ranar farko ta makaranta game da shekarun kunkurun teku: ya haɗu da mai shekara 150.

Abin da nake roƙon marubutanmu

'Yan'uwa, ba mu da ƙarancin labarin iyaye da 'ya'ya, a littafi ko a fim. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne mu bar tsari ya yi magana maimakon mu sa wa wani dattijo doguwar nasiha a baki. A fim ɗin nan an faɗi darasin da baki a taƙaice, amma an sa tauraro ya aikata shi sau biyu, a cikin kifin wel da kuma bakin taru, kuma kowane karo yana iya rasa komai.

Saboda haka in kun koma kan rubutunku, ku yi wa kowace fitowa tambaya uku. Me ya haife ta? Me ta haifa? Wane hali na tauraro ta auna? Fitowar da ta kasa amsa ko ɗaya, ku cire ta ko da kuna sonta. Wadda ta amsa amma ba ta kama zuciya ba, ku gwada matsar da ita gaba ko baya kafin ku jefar, domin wani lokaci wurin zamanta ne ba daidai ba. Yaranmu da ke kallon waɗannan finafinai sun cancanci su sami irin wannan kulawa a labaran da aka rubuta musu da harshensu, kuma aikin yana hannun waɗanda ke zaune a wannan ɗaki.